Darasin Kimiyya: Abin da Fushin Shiru ke Yi a Cikin Jiki

Ɗalibai, darasinmu na yau a kan wani abu ne da kowa a ajin nan ya taɓa yi, kuma an taɓa yi masa. An ɓata wa mutum rai, amma bai yi zagi ba, bai ɗaga hannu ba, bai ma ɗaga murya ba. Sai ya haɗe girar sama da ta ƙasa, ya tura baki gaba, ya koma gefe. A gaishe shi ya amsa ciki-ciki. A ajiye masa tuwo ya ce ya ƙoshi. A tambaye shi, "Lafiya?" ya ce, "Ba komai," alhali makaho ma ya san da komai. Idan abin ya ɗauki kwanaki muna cewa ana gaba. Idan ya ɗauki shekaru muna cewa wane yana da riƙo, ko ya ƙullaci wane.

Tambayarmu ta kimiyya ce: a lokacin da baki ya yi shiru, me zuciya da ciki da jijiyoyin jini suke yi?

Da farko mu ware abin da muke nazari a kai, domin ba kowane shiru ne fushi ba. Matar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari kunya take yi. Saurayin da ya sunkuyar da kai gaban surukinsa ladabi yake yi. Manomin da ya wuni yana yankan shinkafa a fadamun Tudun Wada ya dawo bai iya hira ba, gajiya ce. Fushin shiru sai abu uku sun haɗu: mutum yana jin an yi masa ba daidai ba, ya ƙi faɗa da baki, kuma yana so wanda ya ɓata masa ya lura. Na ukun nan shi ne ginshiƙi. Ba a zumɓura wa bango baki.

Abin kuma ba daga mu ya fara ba. A littafin da Charles Darwin ya fitar a 1872 kan yadda mutum da dabba suke bayyana abin da ke ransu, akwai zanen wani biri mai kama da mutum, irin wanda ake kira cimfanzi, an miƙa masa lemo sannan aka janye, ya turo leɓɓansa gaba ya yi kicin-kicin. Darwin ya aika da tambayoyi ƙasashe da dama, amsoshin da ya samu suka nuna yara a cikin al'ummu daban-daban suna tura baki iri ɗaya. Wato ƙaninku da ke zumɓura baki don an hana shi rake ba a wurin kowa ya koya ba. Da abinsa aka haife shi.

Hanyar da saƙo ke bi

Mu ɗauki misali. Kai ne ka yi huɗa, ka yi noma, ka yi maimai a gonar masarar gidanku a Doguwa. Da aka sayar da amfani sai aka saya wa yayanka babur, kai kuwa ko sannu. Kunnenka ya ji, idonka ya gani. Saƙon yana isa wasu ƙananan curi biyu da ke can cikin ƙwaƙwalwa, ɗaya dama ɗaya hagu, ana kiransu amigdala. Aikinsu gadi ne: su tantance ko abin da ya faru barazana ne. Amigdala ba ta bambanta barazanar kare da barazanar wulaƙanci sosai. Duk biyun tana kaɗa musu ƙararrawa.

Ƙararrawar tana zuwa wani sashe mai suna haifotalamus, daga nan kuma ta rabu hanya biyu.

Hanya ta farko ta jijiyoyi ce, mai sauri. Cikin daƙiƙoƙi saƙo ya isa wata 'yar tsoka da ke zaune a saman kowace ƙoda, wato adirenal, ta zuba sinadarin adirenalin a cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu. Jijiyoyin jinin fata da na hanji su tsuke, jini ya karkata zuwa manyan tsokoki. Hanta ta saki sukari. Yawu ya ƙafe, tafin hannu ya jiƙe.

Hanya ta biyu ta jini ce, tana tafiya a hankali. Haifotalamus ya aika sinadari ga wata 'yar halitta da ke ƙarƙashinsa, ita kuma ta aika nata ga adirenal, sai a saki kotizol. Shi kotizol yakan kai ƙololuwarsa bayan minti 20 zuwa 30, kuma yakan daɗe kafin ya sauka. Yana riƙe sukari a jini, yana kuma dakatar da ayyukan da jiki ke ganin za su iya jira, kamar gyaran rauni da wani ɓangare na garkuwar jiki.

Walter Cannon na Jami'ar Harvard a Amurka shi ne ya tsara bayanin hanya ta farko a littafinsa na 1915, ya nuna cewa duk wannan shiri ne na ɗayan abu biyu: faɗa ko gudu. Yadda ya fara lura da abin yana da ban sha'awa. Tun yana ɗalibi, wajen 1897, yakan ciyar da kyanwoyi abinci haɗe da wani gari da ke fitowa a na'urar hoton ƙashi, ya zauna yana kallon yadda tumbinsu ke murɗawa. Sai ya ga duk lokacin da kyanwa ta fusata da ɗaurin da aka yi mata, tumbin yakan tsaya cik. Ta huce, ya ci gaba da aiki. Kafin shi ma, wani likitan soja mai suna William Beaumont ya yi jinyar wani matashi, Alexis St. Martin, da bindiga ta fasa wa ciki a 1822. Raunin ya warke ya bar ƙofa, ta nan Beaumont ya riƙa leƙa tumbin mutum mai rai shekara da shekaru, ya rubuta a 1833 cewa ɓacin rai yana rage ruwan narka abinci, yana jinkirta narkewar.

Saboda haka idan mai fushi ya ce ya ƙoshi, rabin maganar yajin cin abinci ne don a lura da shi, rabin kuma gaskiya ce: tumbinsa ya tafi hutu.

To ga inda matsalar mai fushin shiru take. Jikinsa ya gama shirin faɗa ko gudu. Amma ba zai yi faɗa da mahaifinsa ba, ba kuma zai gudu daga gidansu ba. Sai ya zauna a zaure da duk wannan shirin a jikinsa.

Farashin ɗaure fuska

Wanda ke hana ka buɗe baki a lokacin shi ne sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi. Shi ne mai auna abin da zai biyo baya. Wannan sashen ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25, ita kuwa amigdala tun da wuri take a shirye. Shi ya sa 'yan shekarunku suka fi kowa saurin kumburi. Na faɗa muku ne don ku fahimta, ba don ku samu hujjar kai wa iyayenku ba.

A 1993 James Gross da Robert Levenson sun yi wani gwaji a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili. Sun nuna wa ɗalibai fim ɗin tiyatar yanke hannu. Wasu an bar su su kalla yadda suka ga dama. Wasu an ce su kalla amma kada fuskarsu ta nuna komai, ta yadda mai kallonsu ba zai gane suna jin wani abu ba. Duk an maƙala musu na'urori. Waɗanda suka ɓoye, fuskarsu ta yi lum, amma zufar hannunsu ta ƙaru, jijiyoyin jinin yatsunsu suka ƙara tsukewa fiye da na sauran. Da aka tambaye su kuma, ƙyamar da suka ji ba ta ragu ba. Sun biya farashi, ba su sayi sauƙi ba. Wani gwajin da Gross ya yi da Jane Richards a 2000 ya ƙara nuna cewa mai fama da ɓoye abin da ke ransa ba ya riƙe abin da ya gani ko ya ji sosai, domin hankalinsa ya tafi gadin fuska. Wanda ya shigo aji yau a cike fam da wani, rabin darasin nan zai wuce shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gwajin Emily Butler da abokan aikinta a 2003. Sun haɗa mata biyu-biyu da ba su san juna ba, suka nuna musu fim mai tayar da hankali kan yaƙi, suka ce su tattauna. A asirce an umarci ɗaya daga cikin wasu ta ɓoye abin da take ji. Jinin mai ɓoyewar ya hau. Amma jinin abokiyar hirarta ma ya hau, ita da ba ta san an ƙulla komai ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Idan aka tambayi fuska ta ƙi ba da labari, jikin mai tambayar yakan ɗauka akwai haɗari.

Shin fushi ruwa ne?

Yawancinmu, idan muna kwatanta mai haɗiye fushi, dam muke kawowa, kuma mu mutanen wannan yanki muna da dalili. Ga madatsar ruwan Tiga nan a ƙasar Bebeji, da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta tare Kogin Kano da ya gangaro ta dajin Falgore, tana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ana buɗe ƙofofinta da lissafi, ruwan ya bi magudana ya shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Ga kuma ta Bagauda, wadda a watan Agustan 1988, bayan ruwan sama mai yawa, ta ɓalle ta yi ɓarnar da iyayenku ba su manta ba. Sai mu ce fushi ma haka yake: yana taruwa, in ba a buɗe masa ƙofa ba zai fasa bango. Maganinsa ke nan a fitar da shi, a yi ihu, a daki wani abu.

Kwatancen yana da daɗin ji, amma an gwada shi ya faɗi. A 2002 Brad Bushman na Jami'ar Jihar Ayowa ya sa ɗalibai 600 sun yi rubutu, aka mayar wa kowa da sharhin cin fuska, aka ce wani ɗalibi ne ya yi. Sannan ya raba su uku. Kashi na farko suka daki buhun 'yan dambe suna kallon hoton wanda aka ce ya ci musu fuska. Kashi na biyu suka daki buhun suna tunanin motsa jiki. Kashi na uku suka zauna kawai na minti biyu. Da a ce fushi ruwa ne, kashi na farko ne za su fi hucewa. Sai aka samu akasin haka: su suka fi kowa fushi daga baya, suka fi kowa zafin ramuwa da aka ba su dama. Waɗanda suka zauna ba su yi komai ba su suka fi sauka.

Dalili shi ne babu wani rumbu a jiki da fushi ke taruwa a ciki. Adirenalin ba ya daɗewa a jini. Cikin 'yan mintoci jiki ya rusa shi. To me ya sa mutum zai kwana bakwai a kumbure? Domin yana sake kunna abin da kansa. Duk lokacin da ya tuna babur ɗin nan, ya sake jin muryar da aka yi masa magana da ita, ya shirya amsar da ya kamata ya bayar, amigdala tana sake kaɗa ƙararrawa, adirenal ta sake zuba sabo. Masana halayyar ɗan'adam suna kiran wannan tuƙa, irin wadda akuya ke yi. Fushin ranar bakwai ba ragowar na ranar farko ba ne. Sabo ne da aka yi da safiyar ranar.

Charlotte Witvliet ta auna wannan kai tsaye a 2001 a wata kwaleji a jihar Mishigan. Ta sa ɗalibai 71 kowa ya tuna wani da ya taɓa cutar da shi. Wani lokaci a ce ya maimaita abin a ransa ya riƙe ƙullin, wani lokaci a ce ya yi tunanin uzurin mutumin ko yafe masa. Babu mai magana, duk a zuci ake yi. A lokacin riƙon, bugun zuciya da jini suka hau, zufa ta ƙaru, tsokar da ke haɗe gira ta ɗaure. Ko bayan an ce su daina, jikin bai koma daidai nan take ba. Mutumin da ya yi laifin yana can wani gari bai san ana yi ba.

Wanda aka yi wa gaba

Yanzu mu juya ga ɗaya ɓangaren. Kipling Williams, wanda ya shafe shekaru yana nazarin wariya, ya ƙirƙiri wani ɗan wasa a kwamfuta: mutum uku suna jefa wa juna ƙwallo, can sai biyu su daina jefa wa na ukun. Shi ke nan wasan. Ko 'yan mintoci ne, wanda aka ware yakan ba da rahoton jin ƙasƙanci da jin ba shi da kowa. A 2003 shi da Naomi Eisenberger da Matthew Lieberman suka sa mutane yin wasan a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ga wani sashe da ke aiki idan ciwon jiki ya dami mutum ya motsa a lokacin wariyar. Daga baya masana sun yi jayayya kan ko zafin biyu iri ɗaya ne tak, domin sashen yana da wasu ayyukan. Abin da ba a jayayya a kai shi ne wariya tana da zafi na gaske, kuma tana kama mutum da sauri.

Jarirai sun fi nuna wannan ƙarara. A gwajin Edward Tronick na shekarun 1970, uwa tana wasa da jaririnta, sai a ce ta tsaya ta kalle shi da fuska babu motsi na minti biyu ko uku. Jariri ya yi murmushi, ya miƙa hannu, ya yi ƙara, duk don ya dawo da ita. Ya kasa, sai ya kau da kai ya fashe da kuka. Ku riƙe wannan, domin a gidan da miji da mata ko kishiyoyi suke gaba, akwai masu kallon fuskokin nan daga zanin goyo da kan tabarma, kuma ba su san ba da su ake ba.

Ko fata tana shaida. A 2005 Janice Kiecolt-Glaser ta Jami'ar Jihar Ohayo ta kwantar da ma'aurata 42 a asibiti, aka yi musu ƙananan bororo a hannu da wata na'ura, aka riƙa auna warkewarsu. Raunin da aka yi a ranar da aka sa su tattauna abin da suke saɓani a kai ya ɗauki ƙarin kwana guda kafin ya warke. Ma'auratan da suka fi nuna wa juna ƙiyayya kuwa, saurin warkewarsu kashi 60 cikin 100 ne na sauran.

Wa ke fushin shiru?

Ku lura da wani abu a garuruwanku. Mai gida ba ya cika zumɓura baki. Shi faɗa yake yi. Dillali a kasuwar Kwanar Dangora in an taɓa shi, kasuwa duka za ta ji. Masu fushin shiru su ne waɗanda bakinsu ba shi da ƙarfi: ƙani a rabon gado, ɗan riƙo, amarya a gaban uwar miji, yaron shago, ɗan ƙwadagon da aka rage wa kuɗin wuni, manomin da shanu suka shiga gonarsa ya kai ƙara bai ga sakamako ba, da makiyayin da aka nome masa burtali shi ma bai san inda zai kai kuka ba. Fushin shiru makamin marar iko ne, shi ya sa ni ba na saurin kiran mai yinsa da baƙin hali kafin in tambayi abin da ya hana shi magana.

Robert Sapolsky ya fara bin garken gwaggon biri a Kenya a 1978, dangin biran da matafiya kan gani a gefen hanyar Kano zuwa Jos idan an shiga Falgore. Yakan harbe su da allurar barci ya ɗebi jininsu. A garken da muƙamai suka zauna daram, ya tarar na ƙasa, waɗanda ake ƙwace wa abinci ba su iya ramawa, sun fi yawan kotizol a jini ko da babu abin da ke faruwa. Waɗanda suke da abokan zama da ke yi musu tsifa kuwa, nasu ya fi sauƙi. A ƙasar Koriya har suna likitoci suke da shi ga ciwon da ke kama mai haɗiye fushi shekara da shekaru, wanda ya fi yawa a tsakanin mata masu matsakaicin shekaru: zafi a ƙirji, jin wani dunƙule a maƙogwaro ko saman ciki, yawan ajiyar zuciya, rashin barci. Duk wanda ya taɓa jin wata gwaggonsa tana cewa wani abu ya tokare mata ƙirji ya san ba Koriya kaɗai ba.

A nan dole in ja muku birki, don kada ku koma gida ku ce malam ya ce kishiya ce ke kawo hawan jini. Kusan mutum uku cikin goma na manya a Najeriya suna da hawan jini, kuma manyan dalilansa gado ne da shekaru da gishiri da ƙiba da rashin motsa jiki. Ɓacin rai mai daɗewa ƙari ne a kan waɗannan. Gyambon ciki ma, wanda aka daɗe ana ɗora wa tunani, Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya sun nuna a farkon shekarun 1980 cewa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa yawancinsa, har suka samu kyautar Nobel a 2005. Saura kuma da yawa daga magungunan ciwon jiki ne da mutanenmu ke sha kamar gyaɗa bayan aikin gona. Mai ciwon ciki asibiti zai je, ba wurin sulhu kaɗai ba.

Haƙuri da haɗiyewa

Wani zai ce, "Malam, to haƙurin da aka rene mu a kai fa? Cuta ce ke nan?" A'a, kuma a nan ne darasin ya fi muhimmanci. A 1998 Gross ya sake gwajin fim ɗin tiyatar nan, ya ƙara kashi na uku. Su ba a ce su ɓoye fuska ba. An ce su sauya yadda suke kallon abin, su dube shi kamar yadda likita zai duba. Fuskarsu ta yi sanyi kamar ta masu ɓoyewa, amma ƙyamar da suka ji ta ragu da gaske, kuma jikinsu bai yi tashin da na masu ɓoyewa ya yi ba. Daga waje mutum biyun kamarsu ɗaya. Na'ura ce ta raba su.

Wanda ya ce a ransa, "Baba ya ba yaya babur ne don shi ke da iyali, nawa yana tafe," ko ya ce, "Na bar wa Allah," kuma har zuci ya bari, ya taɓa abin tun daga tushe, kafin ƙararrawa ta sake kaɗawa. Wanda ya ce "ba komai" da baki yana tuƙa a zuci, fuska kaɗai ya rufe. Na farko ne haƙuri. Na biyun mun saba kiransa haƙuri ne kawai saboda ba ya damun kowa da surutu. Al'ada ma tana da tasiri: a 2007 Butler ta gano cewa matan da suka tashi da tarbiyyar Asiya, inda ake girmama kame kai, illar ɓoyewar a hirarsu ba ta kai ta sauran ba. Mai kame baki don kara ba ɗaya yake da mai kame baki don horo ba.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna yana taimakawa ba shi da tsada. Lieberman ya nuna a 2007 cewa sanya wa abin da ake ji suna yana rage motsin amigdala. Faɗin "raina ya ɓaci" a natse daban yake da dukan buhu. John Gottman na Jami'ar Washinton, wanda ya daɗe yana auna ma'aurata a lokacin saɓani, ya lura cewa idan bugun zuciya ya haura 100 a minti mutum ba ya iya sauraro, kuma a nan ne yakan rufe baki ya zama dutse. A ma'auratan da ya nazarta, kusan kashi 85 cikin 100 na masu yin haka maza ne. Shawararsa a rabu na aƙalla minti 20, a yi wani abin da zai ɗauke hankali, sannan a dawo. Sharaɗin shi ne a faɗa cewa za a dawo. Shirun da aka yanka wa wa'adi hutu ne ga jiki biyu. Wanda ba a yanka wa ba horo ne.

Kun riga kun san a darasin addini cewa hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, kuma ya fifita wanda ya fara sallama. Kun san kuma idan mace ta yi yaji akan tura dattawa biko. Ta fuskar darasinmu, wa'adin yana katse tuƙa kafin ta zama ɗabi'a, ɗan biko kuma yana ɗauke wa kowa nauyin fara magana. Frans de Waal ya ga irin wannan a gidan namun daji na Arnhem a ƙasar Holan, ya wallafa a 1979: bayan manyan mazan cimfanzi biyu sun yi faɗa sun zauna nesa da juna kowa ya ƙi kallon kowa, wata babbar mace takan je ta yi wa ɗaya tsifa, ta ja shi a hankali zuwa wurin ɗayan, in sun fara yi wa juna sai ta zame ta tafi.

Akwai kuma shirun da ba na biko ba ne. Idan mutum ya kai mako biyu ba ya jin daɗin komai, barci da cin abinci sun rikice, ba da mutum ɗaya yake ba, da duniya duka ne, ko yana ambaton gara ya mutu, wannan ya wuce fushi. Alamun ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. A fara da babban asibiti mafi kusa, kamar na Tudun Wada, daga nan ana iya tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau.

Aikin gwaji

Ku zauna biyu-biyu, ɗaya mai aunawa, ɗaya wanda ake aunawa. Mai aunawa ya ɗora yatsa manuniya da na tsakiya a wuyan hannun abokinsa, ta gefen babban yatsa. Kada a yi amfani da babban yatsa, domin yana da nasa bugun. A ƙirga na daƙiƙa 30 a ninka biyu. Bugun mai hutawa yakan kasance tsakanin 60 da 100 a minti.

Za a auna sau huɗu. Na farko bayan zaman minti biyar shiru. Na biyu bayan minti biyu ana lissafin buhunan masara a zuci, daga ɗaya zuwa sama. Wannan shi ne ma'aunin kwatance, don mu san ko tunani kowane iri ne ke ɗaga bugun. Na uku bayan minti biyu ana tuna wani ƙaramin abin haushi, irin aron biro da ba a dawo da shi ba. Na ce ƙarami. Ban yarda kowa ya tono babban ciwo a ajina ba, kuma ba za a tambayi kowa abin da ya tuna ba. Na huɗu bayan minti biyu ana jan numfashi a hankali, fitarwa ta fi shaƙa tsawo.

Ku ja layi huɗu a littafinku ku rubuta lambobin yadda suka fito. Wasunku ba za su ga bambanci ba, domin yatsa da agogo ba su kai na'urar Witvliet kaifi ba, kuma bambancin da ake nema 'yan bugu kaɗan ne. Kada kowa ya gyara lamba. Ranar Litinin za mu haɗa na ajin duka a allo mu fitar da matsakaicin kowane layi, sannan rabin aji su sake gwajin da na uku a gaban na biyu, mu ga ko jerin yana sauya sakamakon.